KARATUN FARKO NA LITTAFIN *1984*: “SABUWAR MAGANA” TA GEORGE ORWELL A MA'AUNIN HAUSA

1.0 Gabatarwa

George Orwell ba baƙo ba ne ga masu karatun Hausa. Tun a shekarar 1975 Bala Abdullahi Funtua ya juya littafinsa mai suna *Animal Farm* zuwa Hausa, ya kira shi *Gandun Dabbobi*, ya kuma raɗa wa taurarin labarin sunaye na gida irin su Nomau da Maitumbi da Ɗantulu da Akawal, har mai karatu kan manta da cewa daga Ingila labarin ya fito. Littafin Orwell na ƙarshe kuwa, wato *Nineteen Eighty-Four*, wanda aka fi rubutawa da lambobi *1984*, ba shi da sauƙin juyawa kamar wancan. Dalili shi ne a cikinsa akwai wani ƙirƙirarren harshe da marubucin ya kira *Newspeak*, wanda za a kira Sabuwar Magana a nan, kuma kacokan a kan ƙirar kalmar Ingilishi aka gina shi.

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da karatun farko na littafin kan bari a zuciyar mai karatu Bahaushe, sannan a ɗora Sabuwar Magana a kan ma'aunin Hausa don a ga abin da zai tsaya da abin da zai zube. An ɗauko misalai daga daidaitacciyar Hausa da kuma Hausar da ake yi a kudancin Jihar Kaduna, musamman ƙasar Kauru, inda Hausa ke zaune tare da ƙananan harsuna masu yawa.

2.0 Abin da Ake Fara Gani a Littafin

Sunan marubucin na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi a Indiya a 1903, ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Burma daga 1922 zuwa 1927, ya kuma yi wa Gidan Rediyon BBC aikin shirya shirye-shiryen yaƙi da ake watsa wa Indiya daga 1941 zuwa 1943. An buga *1984* a Landan a watan Yuni na 1949, tarin fuka kuma ya kashe shi a watan Janairu na 1950.

Masana adabi kan sanya littafin cikin ƙagaggun labaran kimiyya, a reshen da ke hasashen mummunar makoma ga al'umma, tare da *We* na Yevgeny Zamyatin ɗan Rasha da *Brave New World* na Aldous Huxley (1932). Mai karatun da ya san wannan fanni ta hanyar *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo (1969), inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya, zai yi mamakin ƙarancin kimiyyar da ke cikin *1984*. Birnin Landan ne da ya lalace, gidaje suna yoyo, reza da maɓallin riga sun yi wuyar samu. Na'urar da ta yi fice guda ɗaya ce, wato wani allo da ke kafe a bangon ɗaki, yana magana yana kuma gani da sauraren mai ɗakin, ba shi da halin kashe shi. Tauraron labarin, Winston Smith, ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, aikinsa shi ne sake rubuta tsofaffin jaridu don su dace da abin da Jam'iyya ke faɗa a yau, a kuma ƙone na asali. Ya fara rubuta tunaninsa a ɓoye, ya ƙulla soyayya da wata ma'aikaciya mai suna Julia, aka kama su, aka azabtar da shi har ya bashe ta, ya kuma koma yana ƙaunar shugaban da ya tsana.

Abin da kan fara kama mai karatu shi ne tsoron sa ido da azaba. Ɗan Nijeriyar da ya ga mulkin soja ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. A ainihin shekarar 1984 aka kafa Dokar Soja ta 4, wadda sunanta ya nuna kare jami'an gwamnati daga ƙazafi, amma ta haɗa har da labarin gaskiya muddin zai zubar da mutuncin gwamnati. A ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na *The Guardian*, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, kafin a soke ta a 1985. Sai dai kwatancin yana da iyaka. Waccan doka bakin mutane ta nemi rufewa, Jam'iyyar Orwell kuwa so take ta kai inda ba za a sami abin faɗa ba ko da an buɗe bakin.

Akwai kuma abubuwa guda uku da mai karatu Bahaushe zai gani waɗanda Bature ba zai gani ba. Na farko, sunan Ma'aikatar Gaskiya ba zai kasa tuna masa da Kamfanin Gaskiya na Zariya ba, wanda aka kafa a 1945, da jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo* da gwamnatin mulkin mallaka ta fara fitarwa a 1939. Adalci ne a faɗa cewa Abubakar Imam ya yi amfani da shafukan jaridar wajen kai kukan talakawan Arewa, amma dai gwamnati ce ta raɗa wa jaridarta wannan suna. Na biyu, laƙabin shugaban, *Big Brother*, a Ingilishi yana ɗauke da gatse, domin ɗan'uwa tsara ne, ba ubangida ba. Idan aka ce Babban Wa a Hausa gatsen ya ragu, tunda Hausawa sun riga sun ce babban wa magajin uba. Na uku ya shafi taswira. Littafin ya raba duniya ga manyan dauloli uku masu yaƙi da juna, ya bar wani yanki mai kusurwa huɗu da ba na kowa ba, wanda mutanensa bayi ne ga duk daular da ta ci su da yaƙi. Kusurwoyinsa biyu na yamma su ne Tanja ta Maroko da Birazabil ta Kongo. Duk wanda ya ɗora ma'auni a taswira ya ja layi tsakanin garuruwan nan biyu zai ga layin ya ratsa ta ƙasar Zazzau. Ke nan Bahaushe yana cikin littafin, amma a matsayin wanda ake yaƙi a kansa, ba a ba shi ko jimla ɗaya ya furta ba.

3.0 Sabuwar Magana

Ga mai nazarin harshe, mutumin da ya fi ban tsoro a littafin abokin sana'a ne. Sunansa Syme, masanin harshe ne mai aikin bugu na goma sha ɗaya na ƙamusun Sabuwar Magana, yana kuma alfahari da cewa aikinsa rage kalmomi ne, kowace shekara ƙamusun yana ƙara sirancewa. (Abin lura ne cewa a shekarar da littafin ya fito, 1949, a ita ce R. C. Abraham ya fitar da ƙamusunsa na Hausa, shekara goma sha biyar bayan na G. P. Bargery na 1934, su duka biyun tara kalmomi suka yi.) A ƙarshen littafin Orwell ya yi rataye inda ya shimfiɗa nahawun harshen, ya kuma ce an ƙudurta zai maye gurbin tsohon Ingilishi gaba ɗaya wajen shekarar 2050. Hasashen da ke ƙarƙashin aikin shi ne idan kalma ta ɓace, tunanin da take ɗauke da shi ma ya ɓace. Wannan shi ne mafi tsananin fassarar ra'ayin da ake danganta wa Edward Sapir da Benjamin Lee Whorf game da tasirin harshe a kan tunani. An kuma san Orwell ya san tsarin C. K. Ogden na 1930, wanda ya taƙaita Ingilishi zuwa kalmomi 850.

3.1 Korewa da Ƙarfafawa

Dabarar da ta fi shahara ita ce kashe kishiyar kalma ta hanyar amfani da ɗafa-goshi. Maimakon *bad*, sai a ce *ungood*. Don ƙarfafawa kuma sai a ce *plusgood* ko *doubleplusgood*. Ga kunnen Bature wannan magana ce ta yara ko ta wawaye, a nan kuma ƙyamar take. Amma mai fassara zuwa Hausa zai tarar da cewa wannan gini tsohon abu ne a harshensa:

(1) mai kyau / marar kyau
mai kunya / marar kunya
lafiya / rashin lafiya
adalci / rashin adalci

Babu Bahaushen da zai ji *marar kyau* ya ji an tauye masa tunani. Hasali ma *rashin lafiya* ya fi *cuta* yawa a bakin mutane, *rashin adalci* kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da *zalunci*. Idan aka lura da kyau za a ga cewa wannan gini yana yi wa azzalumi illa fiye da yadda yake yi masa amfani, domin duk wanda ya ce *rashin adalci* ya ambaci adalci, ya kuma nuna cewa akwai gurbinsa da ya kamata a cike. Da za a soke *zalunci* daga ƙamus a bar *rashin adalci*, mai ƙara a gaban alƙali bai rasa abin faɗa ba.

Inda Hausa za ta ji ciwo shi ne wajen ƙarfafawa, domin a nan take da dukiyar amsa-kama: *fari fat*, *baƙi ƙirin*, *ja wur*, *kore shar*, *sabo fil*. Kowace sifa da nata abokin tafiya, ba a musanya su. Sabuwar Magana ta Hausa za ta share su duka ta bar kalma ɗaya, a riƙa cewa *fari ƙwarai*, *baƙi ƙwarai*. Asara ce babba ga mawaƙi da mai ba da labari, amma da wuya a ce wanda aka hana faɗin *fat* ya daina bambance farin alkyabba da farin toka.

3.2 Jam'i da Jinsi

Dabara ta biyu ita ce kawar da duk wani saɓani a nahawu, ta yadda kowane jam'i da kowane shuɗaɗɗen lokaci zai bi ƙa'ida ɗaya. A nan Hausa ta fi Ingilishi ba mai fassara abin aiki, saboda yawan hanyoyinta na gina jam'i. Hanyar da ta fi karɓar baƙin kalmomi ita ce ta *mota/motoci*, *tasha/tashoshi*, *ofis/ofisoshi*. Idan aka tilasta ta a kan kowane suna, ga abin da za a samu:

(2) gida / gidaje / \*gidodi
kare / karnuka / \*karori
mutum / mutane / \*mutumomi
doki / dawaki / \*dokoki

Waɗannan za su ba mai karatu Bahaushe irin ƙyamar da *ungood* ke ba Bature, saboda haka a nan ya kamata mai fassara ya zuba ƙarfinsa. Misali na ƙarshe ma ya zo da nasa abin dariya, tunda jam'in *doki* ya faɗa kan jam'in *doka*.

Tambayar ita ce, shin sauƙaƙa nahawu yana sauƙaƙa tunani? Ba sai an je Landan ta Orwell ba kafin a gwada. A kasuwar Kafanchan ko ta Saminaka, inda Hausa take harshe na biyu ko na uku ga dimbin jama'a, jinsin sunayen abubuwa ya yi rauni ƙwarai. Ana jin *mota ne*, *rigan shi*, *hanyan nan*, kamar yadda ake jin wani abu makamancin haka a karin harshen Zazzau da na Bauci. Da yawa ba sa bambance *ƙ* da *k* ko *ɗ* da *d*. Babu hukumar da ta ba da umarnin a yi haka, cuɗanya ce ta kawo. Amma da wannan Hausar ake wa'azi, da ita ake cinikin citta da masara, da ita ake sasanta rikicin gona, da ita kuma ake muhawarar siyasa mai zafi wadda ba ta gaza ta Kano ko ta Sakkwato ba. Malamin da ke gyara wa ɗalibi *mota ne* zuwa *mota ce* yana da hujjarsa ta daidaitacciyar Hausa, amma ba shi da hujjar cewa ɗalibin ya rasa wani tunani.

3.3 Ma'ana

Dabara ta uku ita ce ta fi hatsari, wato a bar kalma a raye a yanke mata wani sashe na ma'anarta. Orwell ya ba da misali da kalmar *free*, wadda aka bar mata ma'anar kuɓuta daga abu kamar ƙwarƙwata, aka cire mata ma'anar siyasa. Takwararta ta Hausa, *'yanci*, tana da tarihin da ya bi kishiyar wannan hanya. Tushenta *ɗa* ko *'ya*, wato wanda ba bawa ba, shi ya sa a Sakkwato ake cewa *ɗiyauci*. Daga nan ta faɗaɗa ta zama *'yancin kai* na 1960, ta kuma kai ga *'yancin ɗan Adam*. Masu magana ne suka faɗaɗa ta lokacin da bukata ta taso, tunanin ne ya riga kalmar isa wurin.

Haka nan masu mulki ba su cika mallakar kalmomin da suka ƙirƙira ba. *Tazarce*, daga jimlar *ta zarce*, taken magoya baya ne a yunƙurin Janar Sani Abacha na ci gaba da mulki a 1998. Ba a jima ba kalmar ta zama abin zargi, ta ƙetara iyaka aka yi amfani da ita a Nijar a 2009 game da Shugaba Mamadou Tandja, wanda sojoji suka kifar a 2010. Al'ummar da ta mallaki habaici da zambo da shaguɓe da gugar zana tana iya zagin sarki da kalmomin yabonsa. Wannan ne raunin shirin Syme, domin ƙamus yana iya tsare kalma amma ba ya tsare muryar da aka faɗe ta da ita. Akwai alamar Orwell da kansa ya san haka. Manazarta da dama, ciki har da marubuciya Margaret Atwood ta Kanada, sun lura cewa an rubuta ratayen da Ingilishi na yau da kullum, kuma cikin shuɗaɗɗen lokaci, kamar mai ba da labarin abin da aka gwada ya rushe.

4.0 Daga Mashayar Landan zuwa Duwatsun Kauru

Akwai wani wuri a kashin farko na littafin da mai karatun farko kan wuce da sauri, alhali ya fi Sabuwar Magana kusa da abin da ke faruwa ga harsuna. Winston ya bi wani tsoho talaka zuwa mashaya, ya saya masa abin sha, ya tambaye shi yadda rayuwa take kafin Jam'iyya ta hau mulki. Tsohon ya so ya amsa, amma abin da ya rage a kansa gutsattsari ne: wata hula, wata hatsaniya a titi, ma'aunin giya da aka daina amfani da shi. Babu wanda ya soke masa kalma ko ɗaya. Abin da ya rasa shi ne abokan hira, domin shekara da shekaru babu wanda ya tambaye shi, babu kuma wanda zai gaskata ko ya gyara masa.

Wannan hali sananne ne ga duk wanda ya yi aikin tattara kalmomi a arewacin kudancin Kaduna. Masana sun raɗa wa wani rukuni na harsunan Kainji ta Gabas sunan Kauru, saboda yawansu a duwatsun yankin. A cikinsu akwai Kurama da Surubu da Binawa da Kono da Kinuku da Kitimi da Rumaya da Ruruma, ga kuma Cawai a kusa da su. Wasu, kamar Kurama, suna da jama'a masu yawa, wasu kuwa 'yan ƙauyuka ne kawai. Hausa ta iso musu ta hanyoyi da dama: sarautar Kauru a ƙarƙashin Zazzau, fatauci, makarantar allo, hanyar jirgin ƙasa da ta mayar da Kafanchan mahaɗa tun shekarun 1920, da kuma mishan waɗanda suka ɗauki Hausa harshen coci, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Ba a taɓa kafa dokar hana yin waɗannan harsuna ba. Iyaye ne suka ga Hausa ta fi kai yaro kasuwa da makaranta, suka riƙa yi masa magana da ita, sai harshen gida ya koma na tsofaffi. A maƙwabciyar ƙaramar hukuma ta Lere, lokacin da Roger Blench ya yi bincike a farkon shekarun 2000, tsofaffi ƙalilan ya tarar suna iya harshen Sheni sosai. Na Ziriya kuwa ya riga ya koma gutsattsari, 'yan gaisuwa da ƙidaya da ɗaiɗaikun kalmomi, jama'ar kuma Hausa suke yi.

Abin da ke tafiya tare da irin wannan harshe ya fi jam'i ko jinsi nauyi. Sunayen duwatsu da rafuka da ke nuna iyakar gonar kowane gida, sunayen itatuwan magani, kalmomin dangantaka da ke bayyana wanda zai gaji wani da wanda ba a aura, waƙoƙin da ke riƙe da labarin inda aka fito, duk suna cikinsa. Mai magana bai rasa ikon tunani ba, domin yana yin sa da Hausa daram. Abin da ya rasa shi ne hanyar bincika abin da kakanninsa suka sani, sai dai ya karɓi tarihinsa daga bakin wasu. Wannan shi ne ainihin abin da Ma'aikatar Gaskiya ke nema ta hanyar ƙone tsofaffin jaridu, ga shi ya samu ba tare da ma'aikata ko tanderu ba.

Lamarin yana da nauyi ga manazarcin Hausa musamman. An saba kallon Hausa a matsayin wadda Ingilishi ke dannewa, kuma aikin da aka yi tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 har zuwa ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 da *Ƙamusun Hausa* na Jami'ar Bayero na 2006, duk na kare ta ne da faɗaɗa ta. A Kauru da Lere kuwa Hausa ce babbar kifin, harsunan Kainji ta Gabas kuma suna cikin waɗanda aka fi ƙarancin bincike a kansu a Nijeriya. Ratayen Orwell ya yiwu ne domin tsohon Ingilishi yana da ɗakunan karatu da marubutan da aka kasa juya su zuwa Sabuwar Magana cikin sauri. Wanda zai rubuta irin wannan rataye game da Ziriya, da Hausa ko Ingilishi zai rubuta shi.